Ga ɗan'uwan da kyamara ta ɗauka a kan 68 da motar kaya

Wa'alaikumus salam. Malam, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don kamar da hannuna na rubuta ta. Ka ce takardar laifin gudu ta zo maka, an ɗauke ka kana gudun mil 68 a awa da motar kaya Transit a tagwayen hanya a nan Birtaniya, kai kuwa 70 ka sani, taswirar wayarka ma 70 take nuna maka. Kana tambaya ko kuskure suka yi, ko ka share takardar, ko ka bi shawarar abokinka ka rubuta sunan wani da ya riga ya koma gida a matsayin wanda ke tuƙi. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, kyamarar ba ta yi kuskure ba. Wancan 70 ɗin na ƙananan motoci ne. Mu masu motar kaya 60 ne namu a tagwayen hanya, 50 a titi falle ɗaya inda ƙaramar mota ke yin 60. A motowe kaɗai, wato babbar hanya mai shuɗin allo, muke yin 70 tare da kowa. Farin allon nan mai baƙin layi a karkace ba lamba ɗaya yake ba kowa ba, kowa da tasa gwargwadon abin da yake ja. Wayar kuma ba ta san me kake ja ba.

Ni a hanyar A1 abin ya same ni, wajejen garin Grantham a Ingila, a watan Maris na 2023, wata bakwai kacal da cin jarrabawar tuƙi. Hanyar nan ita ce mayaudariya. Faɗinta da santsinta sai ka rantse motowe ce, amma allunanta kore ne, sai inda ka ga an ƙara mata M a suna ne take zama motowe. Na yi wata huɗu ina bin ta kusan kullum a kan 70, hankalina kwance, har ina jin haushin waɗanda ke tafiya a hankali a gabana. Ashe su ne masu sani.

Abin da har yau yake min ciwo ba tarar ba ce, mutumin da nake wa aiki ne. Ba zan kama sunansa ba, wasu a nan za su gane shi. Ranar da ya miƙa min makulli, abin da ya nuna min kawai inda ake zuba dizal da yadda ake kulle ƙofar baya. Motoci goma sha wani abu gare shi, shekara nawa yana wannan harka, bai iya buɗe baki ya ce min yaro, wannan ba irin motar gida ba ce, gudunta daban ne. Kuma shi ne zai cika maka mota da kaya ya kira ka da azahar yana tambayar me kake jira. Da takardar farko ta zo, wurinsa ta je tunda shi ne mai motar a takarda. Ya ajiye ta a durowa ya yi shiru. Kwana tara a tsakani, na sake bin hanyar nan a kan 71, aka sake ɗauka ta. Da ya faɗa min ranar da ta farko ta iso, wallahi da ta biyun ba ta faru ba. Sai da ya tara su biyu ya cike sunana ya aika, sannan ya kira ni ofis, yana cin abinci, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai kowane direba ya san wannan. Ya kuma cire fam 35 sau biyu daga kuɗina, wai kuɗin wahalar cike takarda. Na tsaya a gabansa kamar gunki. Na ce masa Alhaji ai da ka faɗa min. Ya ce shi ba makarantar tuƙi ya buɗe ba. Wannan maganar har gobe tana kunnena.

Daren nan ban shiga gida da wuri ba. Na zauna cikin motar a bakin layinmu, inji a kashe, ana yayyafi, ina lissafi da yatsu. Kowace takarda maki uku ne na laifi a lasisi, uku da uku shida. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki shida ya isa a soke masa lasisi, ba sai ya kai 12 kamar tsofaffin hannu ba. Sai ka koma lasisin koyo, ka sake ta rubutu, ka sake ta tuƙi, kuma kun san yadda samun ranar jarrabawa yake a ƙasar nan. Matata tana da ciki wata bakwai, kuɗin makarantarta bai ƙare ba, ga haya, ga Hajiya a Funtuwa da ke jiran abin azumi. Sau uku tana kira ban ɗaga ba. Da na shiga ta ga idona ta ce wa ya rasu. Na kusa sati biyu abinci ba ya min daɗi, duk ambulan da aka jefo ta ƙofa sai cikina ya ɗuri ruwa.

Allah ya taimake ni, a kan ta farkon suka ba ni zaɓin kwas na wayar da kai kan gudu a madadin maki, na biya kuɗinsa na zauna gaban kwamfuta kusan awa uku, ba maki. Ta biyun na biya fam 100, aka sa min maki uku. Don haka 68 ɗinka a wurin 60, in ba ka yi kwas ɗin nan cikin shekara uku da suka wuce ba, akwai kyakkyawan zaton za su ba ka shi. Ba haƙƙinka ba ne, su ke da zaɓi, amma in sun bayar ka karɓa da hannu biyu, kada ka tsaya jayayya. A kwas ɗin ne ma na fara jin cewa ba yawan layuka ke sa hanya ta zama tagwaye ba, sai in akwai shinge ko ciyawa da ta raba masu zuwa da masu dawowa. Layi huɗu ba tsakani, falle ɗaya ce, 50 ke nan gare mu.

Maganar share takarda kuwa, kul. Kwana 28 suka ba ka ka faɗi wanda ke tuƙi. Ƙin amsawa laifi ne mai zaman kansa, maki shida ne da tara da za ta iya kai fam 1,000, ka ga ka gudu daga yayyafi ka faɗa kogi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zancen kwana 14, cewa in takarda ta makara ta mutu. Ni ma na riƙe wannan kamar igiya. Kwana 14 ɗin na isar ta farko ne ga wanda aka yi wa motar rajista. In ta kamfani ce ko ta haya, taka tana iya zuwa bayan wata guda kuma tana nan da ranta.

Shi kuma abokin nan naka, ka gaishe shi, amma kada ka saurare shi. Ni ma Alhajin nawa ya ɗan rage murya ya ce ko akwai wani ɗan'uwana da ya zo ziyara ya koma. Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye ba, har suna na zaɓa a raina. Abin da ya dawo da ni shi ne labarin Fiona Onasanya, 'yar majalisar Peterborough a lokacin, iyayenta 'yan Najeriya, ga ta lauya. Ƙarya a kan wanda ke tuƙi ta sa aka yanke mata wata uku a gidan yari a Janairun 2019, kujerar ma ta tafi. Kafin ita akwai Chris Huhne, tsohon minista guda, wata takwas aka ba shi a 2013 saboda matarsa ta karɓar masa maki shekara goma kafin nan. In waɗannan ba su sha ba, ina ga mai biza a hannu.

Wani abu kuma, ka duba takardar rajistar motar. Ƙananan motocin kaya da aka ƙera daga jikin motar gida, waɗanda nauyinsu da kaya bai wuce tan biyu ba, su gudunsu ɗaya da ƙaramar mota, kuma ana rubuta hakan a takardar. Amma Transit ba ta ciki, kada ka sa rai. Na faɗa ne saboda masu ƙananan da ke karantawa.

Makin nan shekara huɗu yake zama a lasisi, masu inshora kuma na shekara biyar suke tambaya. Kuɗin inshorata ya tashi a sabuntawar da ta biyo, har motar gida da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ka faɗa musu gaskiya in sun tambaya. Sannan don Allah waya. Mu masu kai kaya kullum tana hannu, ana neman lambar gida, ana kiran mai kaya. Riƙe ta kana tuƙi fam 200 ne da maki shida a take, ko kana tsaye a danja. Sabon direba sau ɗaya ya ishe shi. Akwai yaron da muke lodi tare, haka ya rasa nasa, yanzu yana aikin dare a sito. In aiki ya kai ka Wales kuma, tun Satumban 2023 yawancin titunan cikin gari 20 ne ba 30 ba, na kusa sake faɗawa a can.

Na bar wurin mutumin nan bayan sallah, fam 70 ɗina kuma na bar shi da Allah. Yanzu na manna wata 'yar takarda kusa da sitiyari, 50, 60, 70, duk wanda ya shiga sai ya yi dariya. Ka rubuto mana ranar da ka ci jarrabawarka da ranar da ke jikin takardar, mu ƙirga maka kwanakin da suka rage, kuma in za ka aika ta ka ɗauki hotonta tukuna.