Amsa: Me ya sa shokazobar bayan kekunan hawa dutse ta zama kusan iri ɗaya?

Malam, ka tambaya ko kwafar juna kamfanoni ke yi. Ba sata ba ce, wa'adin haƙƙin mallakar ƙirƙirar ne ya ƙare.

Dubi tayar baya: akwai 'yar gaɓa a jikin ƙarfen da ke bin cen, gaba kaɗan da tsakiyar taya. Ita ce Horst Link, ƙirƙirar Horst Leitner. Tana sa shokazoba ta ci gaba da aiki ko ka danne birki. Kamfanin kekuna na Specialized ya sayi haƙƙinta a 1998, duk mai son sayar da irinta a Amurka sai ya biya. A Turai kuwa ba ruwansu, don takardar haƙƙin ba ta kai can ba. Irin wannan haƙƙi kimanin shekara 20 yake yi, kuma tun kafin Specialized ya saya aka fara ƙirga. Da ya ƙare wajen 2013, kamfanoni da yawa suka ɗauka. Ni dai a ganina, mu masu saye muka ci riba.