Ɗana ya zagi malaminsa na boko, ni ma na je na yi masa faɗa: mene ne hukunci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a garin Garwa da ke arewacin Kamaru. Malamin lissafi ya karɓe wayar ɗana a cikin aji, da ma dokar makarantar ta hana shiga da ita, sai yaron ya zage shi a gaban ɗalibai. Da labari ya iso ni, na je na yi wa malamin faɗa yara suna kallo. Yaron yana cewa ai mutumin Kirista ne daga kudu, ba malamin addini ba ne, kuma albashi ake biyansa. Akwai laifi a kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, akwai laifi a kanku ku biyu, kuma naka ya fi nauyi.

Zagin mutum ba da haƙƙi ba haramun ne, ko wane addini yake bi. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 83: "Ku faɗa wa mutane kyakkyawar magana." Bai ce Musulmi kaɗai ba. A Suratul Mumtahana, aya ta 8, ya halatta mana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. To ina ga wanda ya baro garinsu ya zo yana shan ranar Garwa don ɗanka ya iya lissafi?

Maganar yaron cewa wannan ba malamin addini ba ne, akwai gaskiya kaɗan a ciki. Darajar wanda ya koya maka Alƙur'ani da fiƙihu daban take, shi ne ake nufi da hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ba ya cikinmu wanda bai san haƙƙin malaminmu ba. Amma fifikon wannan bai soke haƙƙin wancan ba. Bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Annabi (SAW) ya sanya fansar wasu fursunoni mushirikai ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. Shi da kansa ya zaunar da yaran Musulmi gaban wanda ba Musulmi ba don su karɓi ilimi mai amfani. Kuma ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Batun albashi kuwa shi ya fi ɓata mini rai, don ina jin sa a bakin manya ma. Karɓar lada ba ta mai da malami bara. Ya tabbata a Bukhari cewa Littafin Allah shi ya fi cancanta a karɓi lada a kansa, kuma ba wanda ya ce alaramma ya rasa girmansa don an ba shi kuɗin Laraba. Sannan wane albashi? A 2022 malaman sakandare a Kamaru sun yi dogon yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe shekaru, kuma a ƙauyukanmu na arewa har yau akwai malaman da iyaye ke haɗa wa ɗan abin da ya samu, wani watan ma shiru.

Yanzu kai. Ɗanka ya yi zagi cikin fushin ƙuruciya, kai kuma ka je da hankalinka ka goya masa baya a kai. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk yaron da ya ga abin da ka yi ran nan ya koyi cewa malami abin tsawa ne, gobe da wane ido mutumin nan zai tsaya gabansu? Kada ka raina inda irin wannan ke kaiwa. A Janairun 2020 wani ɗalibi ya soki malaminsa na lissafi da wuƙa har lahira a makarantar Nkolbisson da ke Yawunde.

Ban ce malami ba ya kuskure ba. A cikin ruwayar Badar ɗin nan wani yaro ya koma gida yana kuka malaminsa ya buge shi, uban ya hana shi komawa. Malaman Malikiyya irin su Ibnu Sahnun sun ƙuntata dukan yara ƙwarai, dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ma ta hana duka a makaranta. In an zalunci ɗanka ka kai ƙara ga shugaban makaranta, a ofis, ba a gaban yara ba. Karɓe waya bisa doka kuwa ba zalunci ba ne.

Abin da ya wajaba: ku tuba ga Allah, sannan ku nemi yafiyar malamin, domin haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kawai. Tunda a bainar jama'a aka ci mutuncinsa, ya fi dacewa ban-haƙurin ya kasance a gaban ajin, kai ka fara, yaron ya biyo. Wayar kuma ka bar ta a hannun makaranta har lokacin da dokarsu ta ce a mayar.

Wallahu a'alam.