Tambaya da Amsa: In sallama wa mai otal gonata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Gonar da na gada wurin mahaifina tana bakin hanyar da ake bi zuwa duwatsun nan masu zane. Sau biyu wani ɗan kasuwa yana aiko mini dillali, wai gwamnati za ta haɗa hannu da 'yan kasuwa a raya yawon buɗe ido, shi kuma masauki yake so ya gina. Tayin da ya yi ya fi abin da gonar ke ba ni a damina biyar. In sallama?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ce "na sallama" tukuna.

Mutumin nan ba banza ya hango ba. Zanen shanun da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude tun shekarun 1950 masana suka fara rubutu a kansa, kuma yana cikin kayan tarihin da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su. Ga Baturiya can wajen Haɗeja, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, wadda ta shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, da ake kira jerin Ramsar, a 2008. Ga hawan Sallar Kano da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa a kundinta na al'adun gargajiya a 2024. Wanda ya zo kallon dawaki, in ya san da hanya mai kyau da wurin kwana, zai iya ƙara kwana ɗaya ya bi ta Wudil ya iso gare ku.

Na taɓa zuwa wajenku da bazara. Wani yaro ne ya yi mini jagora, silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da leda. Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa wani falale, sai ga ƙara kamar an buga kuge. Na daɗe a tsaye. Amma da ƙishi ya taso, sai da muka koma cikin gari kafin in sami ruwan sha, kuma na ga motar 'yan makaranta ta zo da abincinsu a kula, suka ci suka tafi, ko ƙosai ba su saya a wurin kowa ba. Wannan giɓin shi ɗan kasuwarka yake son cikewa.

To amma duba yadda aikin yake rabuwa. Hanya, tsaro, wuta da allon nuna wuri na gwamnati ne. Ɗaki, mota da talla na mai jari ne. In gwamnati ba ta sauke nata ba, ɗakin nan ƙadangaru ne za su kwana a ciki. Saboda haka ka ce da dillalin ya nuna maka takarda: wace ma'aikata ce, an sa hannu ko kuwa har yanzu ana "za a yi"? Mun sha ganin an aza harsashi da kiɗa da algaita, bayan shekara uku awaki na kiwo a wurin.

Ni da ni ne, haya zan ba shi. Ka yanka masa ɓangaren bakin hanya na shekara goma ko sha biyar, sauran ka ci gaba da zuba geronka. A rubuta a gaban dagaci da shaidu, a kai ƙaramar hukuma, domin a dokar filaye ta 1978 ita ke ba da shaidar mallakar filin karkara. Ka sa lauya ya karanta maka, ko da zai ci kuɗin akuya. A cikin sharuɗɗan a ambaci ranar da zai fara gini, da cewa in ya wuce ta fili ya dawo hannunka. Ka nemi rumfa ɗaya a bakin ƙofa ta zama taka, uwargida ta riƙa kai fura da waina, yaranka kuma su koyi tarihin duwatsun sosai, don jagoran da ya iya bayani shi baƙo ke nema da suna.

Af, ka ce gado ce. In akwai 'yan'uwa mata da ba a fitar musu da rabonsu ba, ka tara su kafin dillalin ya dawo karo na uku.