Tambayoyinku: DNS, sirri da inda datarku ke bi

Tambaya: Malam na rubuta 1.1.1.1 a wurin Private DNS na Android ɗina amma ya ƙi karɓa.

Amsa: Wurin zaɓar DNS ne, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, amma ba ya karɓar lamba, suna yake so. Rubuta one.one.one.one in Cloudflare kake nufi, ko dns.google in na Google ne. Tun Android 9 da ta fito a 2018 haka yake.

Tambaya: Na yi rajista da irin kamfanonin DNS ɗin nan da mutum ke tsara dokokinsa da kansa, sun ce ba sa ajiye bayanan kowa, kuma na kunna abin da ke sa shafi ya ɗauka daga Amurka nake shiga. Yanzu ai ba mai ganina ko? In goge VPN?

Amsa: Kai ɗan'uwa, wannan "ba mai ganina" ɗin ita ce ke ɗaga min hankali, don kullum sai an aiko min da ita. Aikin DNS fa ka ba shi sunan shafi ya ba ka lambar IP, wato adireshin shafin a intanet, shi ke nan. Na asali a buɗe yake tafiya ta ƙofa (port) 53, kamfanin layinka na karanta duk sunan da ka tambaya, shi ya sa aka fito da DoT a 2016 da DoH a 2018, hanyoyi biyu na aika tambayar DNS a kulle, suka rufe tambayar. Tambayar kaɗai suka rufe. Da ka shiga shafin, kamfanin layin yana ganin IP ɗin da ka nufa, kuma a yawancin shafuka sunan na fita fili a gaisuwar farko ta HTTPS (kullen da ke ɓoye abin da ke cikin shafi), abin da ake kira SNI. Sannan kamfanin DNS ɗin da ka koma, irin su NextDNS da Control D, dole ya san kai ne, in ba haka ba ta yaya zai san dokokin wa zai yi aiki da su? An ba ka lambar shaida taka ta kanka, kowace tambaya da ita take zuwa.

To yanzu maganar Amurka, nan ne nake so ka nutsu. Idan ka kunna juyawar nan, ba IP ɗin shafin na gaskiya suke ba wayarka ba, IP ɗin sabarsu (babbar kwamfutarsu) suke ba ta, sai datar ta bi ta wurinsu su miƙa gaba. Da mai nuna maka hanya ne, yanzu ya ɗauke ka a motarsa. In shafin na HTTPS ne ba za su karanta abin da ke ciki ba, amma sun san ina ka je, ƙarfe nawa, data nawa ta wuce. Kuma shafukan da ka saka a dokar kaɗai ke bi ta can, sauran shafukan da manhajar da ba ta tambayar DNS ɗin wayar kuwa, duk kai tsaye suke fita da IP ɗinka.

"Ba ma ajiye komai" kuwa alkawari ne, kai ba ka da hanyar leƙa sabarsu. Abin dubawa shi ne ko wani na waje ya bincike su, kamar yadda Cloudflare ta sa kamfanin bincike na KPMG ya binciki DNS ɗinta na 1.1.1.1, da ƙasar da dokarta ke kansu, kamfanin DNS na Quad9 alal misali a Suwizalan take. Shiga saitin asusunka ka duba rikodin shafukan da ka tambaya, NextDNS ma tana barin ka kashe shi ko ka zaɓi tsawon lokaci da ƙasar da za a ajiye shi. Ni shawarata kullum, kunna rikodi lokacin gyara kaɗai, kada ka juya banki da imel ta sabar kowa, VPN ɗinka kuma bar shi inda yake.

Tambaya: Tunda na sa DNS mai toshe talla manhajar bankina ta daina buɗewa.

Amsa: Hajiya kin tara jerin toshewa kamar ana rabawa kyauta. Kunna rikodi, buɗe manhajar, duba sunan da aka toshe a daidai lokacin, ki saka shi cikin waɗanda aka yarda.

Tambaya: 8.8.8.8, DNS ɗin Google, zai ƙara min gudun saukar da bidiyo?

Amsa: A'a. Shafi zai iya fara buɗewa da ɗan sauri, amma gudun saukewa na layinka ne.