Littafin shari'ar gado da ta ƙi ƙarewa

Tambaya: Anti sannu da aiki, an ba mu Bleak House a makaranta amma wallahi girmanshi ya ban tsoro, wai me ke ciki ne? Daga ƙanwarki a Sabon Zango, Kumasi.

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Charles Dickens ya fitar da shi kashi-kashi daga 1852 zuwa 1853, rigimar gado ce ta dangin Jarndyce a kotun Landan, shekara da shekaru lauyoyi na ta ɗage zama har kuɗin shari'a suka lamushe dukiyar kaf. Richard, saurayin da ya ƙi riƙe sana'a yana jiran rabo, baƙin ciki ya kashe shi ya bar matarshi Ada da ciki. Ni dai shi ya fi ban haushi, don irinshi sun cika gidajen gado a Zango. Ki fi maida hankali kan babukan Esther, budurwar da ke ba da wani ɓangaren labarin da bakinta, nata labarin ya fi sauƙin bi.