Tambaya da Amsa: Akwatin Ajiye Tabar Siga da Sirrin Danshinsa

TAMBAYA: Ni kafinta ne a Kano. Wani mai otal ya kawo mini hoton akwatin ajiye tabar siga, wato wadda ake naɗewa da ganyen taba zalla ba tare da takarda ba, ya ce in ƙera masa irinsa, sai dai na ji an ce akwai masu takardar mallakar wannan fasaha. Mene ne sirrin akwatin, kuma ko doka ta hana ni yin sa?

AMSA: Malam, babu wanda ya mallaki akwatin kansa, domin an daɗe ana yin sa, har ana danganta ƙaramin samfurinsa na kan tebur ga Zino Davidoff, mai shagon taba a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Abin da masu ƙirƙira suka yi ta neman takardar mallaka a kansa shi ne dabarar tsare danshi a ciki. Ganyen siga yana bukatar iska mai danshin kashi 65 zuwa 72 cikin 100. Idan danshi ya gaza, ganyen waje ya tsage kuma ƙanshi ya gudu, idan kuma ya yi yawa, sai ta yi fumfuna ta ƙi kama wuta.

Tsohuwar dabara ita ce soso da ake jiƙawa da tataccen ruwa gauraye da sinadarin furofilin gilaikol, rabi da rabi, wanda ke riƙe danshi kusa da kashi 70. Wadda ta fi burge ni ita ce ta kamfanin Boveda na jihar Minisota a Amurka, wanda ya sami takardar mallaka a ƙarshen shekarun 1990. Ruwan gishiri mai kauri suke rufewa cikin 'yar jaka wadda tururi ke iya ratsawa amma ruwa ba ya fita, saboda haka idan iska ta bushe sai jakar ta saki danshi, idan ta jiƙe kuma ta tsotse shi. Kowane irin gishiri da matakin da yake tsayawa. Na miya yana tsayawa a kashi 75, kuma da shi ake gwada sahihancin ma'aunin danshi.

Game da doka, takardar mallaka tana aiki ne a ƙasar da aka yi mata rajista kawai, kuma wa'adinta shekara 20 ne, a Amurka da kuma a dokar Najeriya ta 1970, saboda haka wa'adin waccan takardar ta ƙarshen shekarun 1990 ya riga ya cika. Ka dai guji buga tambarin wani kamfani a jikin aikinka.

Wahalarka ta gaskiya tana wajen katako da yanayi. Ana shimfiɗe cikin akwatin da katakon sida na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ɗan dangin maɗaci, domin yana shan danshi yana saki a hankali, kuma ba a shafa masa fenti. Murfi ya rufu ruf, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da komai cikin 'yan kwanaki. Zafin bazara ya fi haɗari, domin da zarar zafi ya haura digiri 22 ƙwayayen ƙwaron taba sukan ƙyanƙyashe su huda sigar. Kyakkyawar ajiya ba ta rage illar taba ga lafiya, wannan ya kamata mai otal ya sani, kuma ka shaida masa cewa dole akwatin ya zauna a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, nesa da taga.