Bayan gashin sankarar bakin mahaifa, maigida ya ja baya

Tambaya: Likita, bara aka gano ina da sankarar bakin mahaifa. An yi min gashi, wato ƙona sankarar da na'urar haske a asibiti, alhamdulillah ina samun sauƙi. Maigidana ya tsaya min lokacin jinya, har wanki ya yi min. Amma tun da na dawo gida ko hannuna ba ya riƙewa, ranar girkina ma a falo yake kwana. Ƙyamata yake yi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Namijin da ke ƙyamar matarsa ba ya wanke mata zani. Abin da na fi gani a wajen maza shi ne tsoro: kada ya fama miki ciwo, ko kada ya ɗauka. To, ba a ɗaukar sankara ta wajen saduwa, kuma gashin da kika gama bai bar komai a jikinki da zai cutar da shi ba.

Akwai kuma maganar da ma'aurata kan haɗiye. Da sun ji cewa ƙwayar HPV, wadda ke jawo kusan duk irin wannan sankara, ta saduwa ake samunta, sai kowa ya fara tambayar ransa: wa ya kawo? Ƙwayar nan takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, kuma yawancin manya sun taɓa gamuwa da ita ba su sani ba. Ba ta isa hujja a kan kowa ba.

Jikinki kuwa ya canza, kada mu ɓoye. Gashi yana busar da gaba, yana tsuke shi, yana iya tsayar da haila, sha'awa ta ragu. Ki nemi likitanki ya rubuta miki man santsi, ya nuna miki abin da ake sakawa don wurin kada ya tsuke. Kayan mata da matsi kuwa, don Allah ki yi nesa da su, fatar wurin ta yi laushi yanzu.

Matan da na ga aurensu ya ƙara danƙo bayan wannan jarrabawa su ne waɗanda ciwo ya koya wa magana. Wadda a da kunya ke hana ta, yau tana iya cewa "nan da zafi, bi a hankali". Ke ma ki fara. In kin kai masa abinci ki zauna kusa, ki ce kin yi kewarsa. Ba sai an kai ga shimfiɗa a daren farko ba.

Ranar komawa asibiti ku je tare, ya ji daga bakin likita cewa an ba ku dama. In kin ga jini bayan saduwa, ki sanar da likita, kada ki jira ranar da aka sa miki.